Rediyo Mai Kati: A Gwada Kafin a Biya

Ƴan uwa, yau za mu yi magana bisa wani ƙaramin abu da ya shiga gidajenmu. Shi ne rediyon nan da ake sa ma kati, ya yi ta magana ko waƙa. Manomi na rataya shi ga icce cikin gona. Mace na aje shi kusa da turmi. Tela na sa shi bisa keken ɗinki. Daga Maraɗi zuwa Damagaram, daga Tawa zuwa Yamai, da wuya ka shiga kasuwa ba ka ji muryarsa ba.

Waɗansu waƙa suke saurare. Waɗansu karatun Alƙur'ani da tafsiri. Waɗansu kuma littafi ne wani ya karanta da baki, aka ɗauki muryarsa, aka sa cikin kati. Wannan shi ake ce ma littafin saurare.

To, amma ba kowane rediyo ne ya dace da littafi ba. Kuɗinmu kuwa ba su da yawa. Idan muka yi kuskure wajen saye, ba lalle mu samu na sakewa ba. Shi ya sa za mu duba abin da ya kamata mutum ya sani tun bai ciro kuɗinsa ba.

Abin da ya faru da wata ƴar ajinmu

Akwai wata mata a ajinmu na yaƙi da jahilci. Sana'arta ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Ta yi wata uku tana tara kuɗi kaɗan-kaɗan. Ran kasuwa ta saye rediyo ja, mai walƙiya, mai fitilu kala-kala. Mai kaya ya kunna mata waƙa, ƙara ta cika rumfa. Ta biya, ta dawo gida da murna.

Da dare ta sa littafin da ɗanta ya zuba mata a kati. Ta saurari rabin awa, barci ya ɗauke ta, aka kashe. Washegari ta kunna. Sai rediyo ya koma farkon littafi. Ta kashe, ta sake kunnawa. Ya sake komawa farko. Babu hanyar turawa gaba. Kwana bakwai tana jin babi na ɗaya, har ta hardace shi, ba ta san ƙarshen labari ba.

Ta koma wurin mai kaya. Ya ce rediyo lafiya lau yake, ai yana magana. Bai karɓa ba. Ta zo aji ta ce mini: "Malam, wata uku na yi ina toya ƙuli, ga abin da na samu."

Rediyon ba lalatacce ba ne. Na waƙa ne, ba na littafi ba. Waƙa minti biyar ce; in ta koma farko ba a yi hasara ba. Littafi kuwa yana iya kai awa biyar, ko goma. Wanda zai saurare shi yana bukatar abin da zai tuna masa inda ya tsaya. Ba ta san haka ba, mai kaya kuma bai faɗa mata ba.

Daga faifai zuwa kati

Littafin saurare ba sabon abu ba ne. An fara yin sa a Amurka da Ingila cikin shekarun 1930, saboda makafi. A lokacin bisa faifan garmaho ake ɗaukar muryar mai karatu.

A shekarar 1963 kamfanin Philips ya fito da kaset. Manyanmu sun san shi sarai. Kaset na minti 60 yana da gefe biyu, kowane gefe minti 30. Da kaset ne ƴan ci-rani ke aiko da saƙo gida, tun ba a san salula ba. A 1979 kamfanin Sony na ƙasar Japan ya yi Walkman, ƙaramin abin kaset da ake sawa a aljihu. Daga baya faifan CD ya zo a 1982.

Kaset yana da aibi: zarensa na tsinkewa, rana na lalata shi. Amma yana da wani kirki guda. Inda ka tsai da shi, nan za ka tarar da shi ko bayan shekara. Wannan kirki ne muke nema ga rediyon yau.

Cikin shekarun 1990 aka samo wata dabara ta matse murya ta zama ƙarama, ba tare da ta lalace ƙwarai ba. Masana na ƙasar Jamus ne suka yi babban aikin. Sunan dabarar MP3. Ku riƙe waɗannan haruffa biyu da lamba ɗaya: M, P, 3. Za ku gan su rubuce a jikin rediyo da kwalinsa. Saboda MP3 ne abin da a da sai an cika buhu da kaset, yau ya shiga kati ɗaya da bai fi farcen yatsa ba.

Iri uku da ake samu

Na farko, rediyo mai kati. Yana da lasifika, gida duka na iya ji. Yana kama tasha, kamar Muryar Sahel da rediyoyin karkara. Wani yana da fitila. Maɓallansa manya ne, ana jin su da yatsa ko cikin duhu. Shi ya fi dacewa da tsoho, da makaho, da mai aikin hannu.

Na biyu, ƙaramar salula mai maɓallai. Da yawa cikinsu suna karɓar kati, suna kunna MP3. Idan kana da irinta, duba ta tukuna. Mai yiwuwa abin da kake shirin saye yana cikin aljihunka. Matsalarta biyu. Saurare na cinye cajin da za ka yi kira da shi. Kuma in maigida ya fita da salula, littafi ya fita tare da shi.

Na uku, ƴar ƙaramar na'urar MP3, kamar kwalin ashana. Yawanci ba ta da lasifika, sai da wayar nan da ake sawa a kunne. Mutum ɗaya ke ji. Ba ta da nauyi, amma tana da saurin ɓata, kuma batirinta a rufe yake ciki.

Babbar salula mai shafawa ita ma tana yin aikin, har ta fi. Amma kuɗinta da yawa, kuma kullum tana son caji. Ba sai da ita ake sauraren littafi ba.

Kafin ka zaɓa, tambayi kanka: ni kaɗai zan ji, ko da iyali? A gida zan aje, ko gona zan kai? Akwai kuran a garinmu, ko babu? Amsar waɗannan ita za ta nuna maka iri.

Abu na ɗaya: ya tuna inda aka tsaya

Wannan shi ne babba. Rediyoyin kati sun kasu uku a nan. Wani yana komawa farkon kati duka. Wani yana tuna babin da kake ciki, amma ya koma farkon babin. Wani kuwa yana ci gaba daidai kalmar da ka tsaya. Na ƙarshen nan shi ne na littafi. Na tsakiya ana iya haƙuri da shi idan babobin gajeru ne. Na farko, bar shi.

Ba a gane wannan da ido. Kwali ma ba kullum yake faɗa ba. Gwadawa ake yi. Sa kati, bar shi ya yi magana minti uku. Riƙe kalmar da ya faɗa ta ƙarshe. Kashe shi ɗungum. Ƙirga goma. Kunna. Saurara: ina ya tashi?

Abu na biyu: turawa gaba da maidowa baya

Kana saurare, aka yi sallama, wata magana ta wuce ka. Kana son ka koma baya kaɗan, ba farkon babi ba. Rediyo mai kyau yana yin haka. Ga yawancinsu, danna maɓalli sau ɗaya yana tsallaka babi gaba ɗaya. Dannawa a riƙe kuwa yana gudu cikin babin. Gwada duka biyu, gaba da baya.

Duba kuma ko yana da ɗan gilashi mai nuna lamba. Wannan gilashi na gaya maka babi na nawa kake, da minti nawa ya wuce. Wani rediyon yana da maɓallan lambobi, daga 0 zuwa 9. In kana son abu na 25, sai ka danna 2 da 5. Kun ga amfanin lambobin da muka koya a aji.

Akwai wani maɓalli da ke sa rediyo ya riƙa tsinto waƙoƙi barkatai. Ga waƙa yana da daɗi. Ga littafi masifa ne: babi na tara ya zo kafin na biyu. Ka ce mai kaya ya nuna maka yadda ake kashe shi.

Abu na uku: abincin rediyo

Rediyo kamar dabba yake. Ba kuɗin saye kaɗai ba ne, akwai na ciyarwa. Wani pil yake ci. Wani batiri gare shi da ake caji. Wani yana karɓar duka biyu, wani kuma har da ɗan faifan sola a bayansa.

Bari mu yi lissafi. Kuɗin nan misali ne kawai, kowa ya sa na kasuwarsu.

A ce rediyo na farko jika uku ne, wato 3.000 F. Kowane sati yana cin pil na dala arba'in, wato 200 F. Shekara sati 52 ce. 200 sau 52 ya zama 10.400 F. A haɗa da kuɗin saye: 13.400 F.

A ce na biyu jika shida ne, wato 6.000 F. Ana kai shi caji sau biyu a sati, kowane caji dala goma, wato 100 F a sati. 100 sau 52 ya zama 5.200 F. A haɗa da kuɗin saye: 11.200 F.

Wanne ya fi araha? Ran kasuwa na farko ne. Ƙarshen shekara na biyu ne. In kuwa akwai kuran ko sola a gida, ratar ta fi haka. Hausawa sun ce araha ba ta ado.

Sai dai batiri ma yana tsufa. Bayan caji ɗari-ɗari ƙarfinsa na raguwa, har ya daina riƙe wuta. Saboda haka ka juya rediyo, ka duba bayansa. Akwai murfin da ake buɗewa? Idan akwai, ran da batiri ya mutu sai ka sayi wani. Idan babu, ran da batiri ya mutu rediyo ya bi shi, sai fa in mai gyara ya iya.

Batiri iri biyu aka fi sa ma waɗannan rediyoyi. Ɗaya shimfiɗaɗɗe ne, irin na tsofaffin salular Nokia, an rubuta masa BL-5C. Ɗaya kuma mulmulalle ne, ya fi pil na yau da kullum girma kaɗan, sunansa 18650. Lambar nan awonsa ce: kauri milimita 18, tsawo milimita 65. Wanda ake samun irinsa a kasuwarku shi za ka zaɓa.

A jikin batiri akwai lamba da haruffa uku: mAh. Ita ke nuna yawan wutar da yake ɗauka, kamar yadda ake sanin tulu da yawan ruwansa. BL-5C na ɗaukar wajen 1000. 18650 na ƙwarai yana tsakanin 2000 da 3500. Idan ka ga 18650 an rubuta masa 9000 ko fiye, ƙarya ce aka buga a takarda. Wanda ya iya karatu ba a cutarsa da wannan.

Ɗan faifan solar da ke manne a bayan rediyo taimako ne kawai. Ƙarami ne, cajinsa a hankali yake. Kuma barin rediyo cikin rana tsaka na gajarta ran batiri. Ya fi kyau a samu faifan sola dabam mai doguwar waya: faifai a rana, rediyo a inuwa.

Abu na huɗu: katin kansa

Katin nan wasu na ce masa memori, wasu na cewa kart memwar. Tsawonsa milimita 15, faɗinsa 11. A jikin rediyo, bakin da ake sa shi an rubuta TF ko SD. Wani rediyon yana da babban baki kuma, an rubuta USB, na sa kile.

Ana auna cikin kati da jiga, ana rubuta GB. Jiga ɗaya mega dubu ne. Minti ɗaya na waƙar MP3 yana cin wajen mega ɗaya. Ke nan jiga ɗaya na ɗaukar kimanin awa 16. Katin jiga 8 na ɗaukar wajen awa 130, kwatankwacin kaset 130 na minti 60. Magana zalla, ba kiɗa, ana iya matse ta fiye da haka, ta ci rabin wurin. Karatun izu sittin duka, na yawancin makaranta, yana shiga katin jiga 4.

Don haka ba ka bukatar babban kati. Jiga 4 ko 8 ya isa. Ƙananan rediyoyi da yawa ma ba su karanta katin da ya wuce jiga 32. Kada ka biya kuɗin jiga 64, ka je gida rediyo ya ƙi shi.

Akwai katin jabu. A baya an rubuta jiga 32, cikinsa bai kai haka ba ko kusa. Yana karɓar duk abin da aka zuba, kamar lafiya. Amma in ka zo saurare, na farko-farko ne ke magana, sauran sun lalace. Alamarsa ita ce arahar da ta wuce hankali. Maganinsa kuwa, in an zuba maka abubuwa, ka saurari na farko, da na tsakiya, da na ƙarshe, kana tsaye a wurin.

Wajen masu zuba waƙa

Yawancinmu ba mu da kwamfuta. Wurin samarin nan masu zuba waƙa da wa'azi a kasuwa muke kai kati. Ga abin da za ka gaya musu.

Na ɗaya, a zuba MP3. Ƙaramin rediyo ba ya nuna fim. Saƙon murya na WhatsApp ma ba MP3 ba ne, rediyoyi da yawa ba su karanta shi sai an juya shi. Mai kwamfuta ya san yadda ake yi.

Na biyu, a sa ma babobi lamba: 01, 02, 03, har zuwa ƙarshe. Sifilin nan na gaba yana da amfani. In babu shi, wani rediyon daga 1 sai ya tafi 10, da 11, kafin ya dawo 2. Kuma a zuba su bi da bi, domin wani rediyon yadda aka zuba yake bi.

Na uku, in da hali a raba kati: na waƙa dabam, na karatu dabam. Ƙananan kati biyu sun fi babba ɗaya. Yara sun canza waƙa, littafinka na nan. Ɗaya ya ɓata, ɗaya ya rage.

Na huɗu, idan akwai hotunan iyali ko muryar wani naka a katin, kada ka bar shi a hannun kowa ka tafi. Tsaya har a gama.

Ran kasuwa

Ka tafi da katinka, da littafi ko karatu a ciki. Waƙar mai kaya ba ta nuna maka komai sai ƙara. Kai muryar mutum kake son ji. Rage ƙarar zuwa tsakiya. Kalmomi na fita tas? Ana rarrabe "ƙasa" da "kasa"? Rediyon da ke dukan ƙirji da kiɗa, wani lokaci magana a cikinsa kamar daga rijiya take fitowa.

Bi waɗannan ɗaya bayan ɗaya:

1. Sa katinka, ka ji ko yana karantawa.
2. Kashe, kunna, ka ga inda ya tashi.
3. Tura gaba, maido baya.
4. Buɗe murfin batiri, ka karanta abin da aka rubuta.
5. A sa shi caji a gabanka, ka ga fitilar caji ta kama. Duba ko bakin cajinsa irin na salularka ne.
6. Ja eriya, ka kama tasha biyu ko uku.
7. Sa wayar kunne, ka ji ko gefe biyu na aiki.
8. Girgiza shi kaɗan. Kada ka ji wani abu na kaɗawa ciki.

Wanda ka gwada shi za ka ɗauka, ba wani da ke cikin kwali ba. Sa'an nan ku yi magana a fili: in ya ƙi aiki cikin kwana nawa za a canza? A rubuta a takarda, da kwanan wata, da kuɗin da ka biya. Ka karanta da kanka kafin ka tafi. In ba ka gane wani abu ba, ka tambaya. Mai tambaya ba ya ɓata. Mai kayan da ya hana ka gwadawa, yi masa sai an jima, ka nufi rumfa ta gaba.

Ku mata, in kunya za ta hana ku tsayawa gwaji, ku tafi biyu ko uku. Kuɗinku ne, guminku ne.

Kulawa da shi

Maƙiyan rediyo uku ne: zafi, ƙura da ruwa. Kada a bar shi bisa kwano, ko kusa da murhu. Lokacin hunturu a sa shi cikin ƴar jaka ko tsumma mai tsabta. Da damina a nisanta shi da yayyafi.

Kashe rediyo kafin ka cire kati. Cirewa yana cikin magana na iya ɓata abin da ke ciki. Kada ka tura kati da ƙarfi. In ya ƙi shiga, juya shi.

Ƙara mai yawa na shan batiri. Fitila ma haka. Wayar kunne ta fi lasifika tattalin wuta.

In ka ga batiri ya kumbura, ko yana zafi ƙwarai, cire shi, kada ka sake sa shi caji. Irin wannan na iya kama wuta. Kada a huda shi, kada a jefa shi cikin wuta, ko kusa da rijiya. Mataccen pil da batiri ba abin wasan yara ba ne, akwai guba ciki. Kati ma a ɓoye shi, ƙaramin yaro na iya haɗiye shi.

Kunne ba shi da na canji

Cikin kunne akwai wasu ƙananan abubuwa kamar gashi, su ke kai sauti ga ƙwaƙwalwa. Ƙara mai tsanani na kashe su kaɗan-kaɗan, kuma in sun mutu ba su sake tsirowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara: mai sa wayar kunne kada ya wuce kashi 60 cikin 100 na ƙarar na'urarsa. Wato ya ɗan wuce rabi kawai. Kuma a riƙa ba kunne hutu.

Ga gwaji mai sauƙi. In wanda ke kusa da kai, tsawon hannu ɗaya, ya yi magana ba ka ji ba, ƙara ta yi yawa. In ka cire wayar kana jin kunne na ƙugi, ka wuce iyaka. Mai babur, da mai amalanke, da mai tsallaka titi, kada su toshe kunnuwansu bisa hanya.

Kunne ya taimaki ido

Wani zai ce: tun da rediyo na karanta mini, mi zan yi da aji? A'a, ɗan uwa. Rediyo ba ya karanta maka takardar likita. Ba ya duba maka awon da aka rubuta a sikeli, ko wasiƙar da ba ka son kowa ya ji. Ko wajen sayen rediyon, kun ga karatu ne ya tsare mu daga batirin ƙarya.

Amma rediyo na iya zama mataimakin malami. Ga yadda ake yi. Ka samu littafin a takarda, da muryarsa a kati. Kunna, ka sa yatsa bisa layi, kana bin mai karatu. In ya yi maka sauri, tsai da shi, ka maido baya. Ji sau biyu. Na uku ka kashe, ka karanta da bakinka. Kalmar da ta gagare ka jiya, yau kunne ya riga ya gabatar maka da ita.

Ba sai an jira littafi daga nesa ba. Malami, ko wanda ya fi iya karatu a aji, yana iya karanta darasin sati cikin salula, a juya shi MP3, a zuba ma kowa. Wadda haihuwa ta hana zuwa aji, da wanda ya tafi ci-rani, ba za a bar su baya ba. Haka kuma ana iya ɗaukar tatsuniyoyin tsofaffi da tarihin gari, da yardarsu, tun suna raye. Daga baya ƴan aji su saurara, su rubuta. Kun ga mun yi littafinmu da kanmu.

Ita kuwa ƴar ajinmu mai ƙuli-ƙuli, ba ta yar da jan rediyonta ba. An yanyanka mata littafin gajeru-gajeru, minti goma-goma, aka sa musu lamba. Tana rubuta lambar da ta tsaya a bayan littafinta na aji, washegari ta yi ta dannawa har ta kai wurin. Da wahala, amma ta ji ƙarshen labari. Ta ce in Allah ya hore mata na biyu, da katinta za ta tafi kasuwa.

Tambayoyi

1. Mi ya sa rediyon waƙa ba kullum yake dacewa da littafi ba?
2. Yaya ake gwada ko rediyo na tuna inda aka tsaya?
3. Katin jiga 2 awa nawa zai ɗauka, in jiga ɗaya na ɗaukar awa 16?
4. Wani na sayen pil na 150 F kowane sati. Nawa zai kashe cikin sati 52?
5. Faɗi abu uku da ke lalata rediyo.
6. Rubuta sunan littafi ko labari ɗaya da kake son a ɗauka a kati, ka faɗi dalili.